Jirgin da Lantana Ta Zaɓa

Wanda ya ci kasuwar Cadakori a shekarun nan ba sai an nuna masa rumfar Lantana ba, hancinsa ma ya isa ya kai shi. Daddawar batso take yi, ta 'ya'yan yakuwa, wadda ake dafawa a rufe har ta yi wari, sannan a daka a cura. Daga Gidan Sori take ɗoro ta a amalanke duk ranar kasuwa. Gajeriya ce, baƙa, mai siririyar murya. Ba ta son ciniki mai tsawo, ba ta kuma yi wa mutum dariya don ya ji daɗi. Mata suna cewa batsonta ya fi na kowa kama miya, maza kuwa abin da suke cewa shi ne a bi ta a hankali.

Da ba haka take ba. Tana da miji, Chindo, mai saƙar rumbu, mutum mai sanyi wanda ko akuya ce ta shiga gonarsa sai ya lallaɓa ta ta fita. A shekarar yunwa ta zamanin soja, garin yana da rumbun samariya, wato ƙungiyar samarin gari, inda ake tara geron gonar gayya don ranar wahala. Mai riƙe da rumbun shi ne Abdurrahaman, sarkin samari, dogo mai faɗin kafaɗa da son a kira shi da sarautarsa. Geron nan dai ya bi amalanke ya sauka gidan surukansa, kuma babu wanda bai sani ba. Da aka aiko cewa sufurehe, mai mulkin gunduma, zai zo duba rumbu, sai aka shiga neman ɓarawo ruwa a jallo. Chindo ne ya gyara jinkar rumbun kafin damina, an gan shi a kai, shi ke nan magana ta ƙare.

Ba a kai shi jandarma ba, da ma an kai shi da ya fi. Abdurrahaman ya sa aka ɗaure zangarniyar gero aka rataya masa a wuya, aka sa makaɗi a bayansa, aka zagaya da shi gari da rana tsaka, yara suna bi suna tafi. Lantana tana tsaye a ƙofar gida da autarsu Zakiyya a goye. Da aka zo wucewa Chindo bai ɗago kai ba, ita kuma ba ta kawar da nata ba. Bayan sati ya ɗauki sandarsa ya tsallaka iyaka zuwa Jibiya, inda kakanninsu suka fito, ya ce sai abin ya lafa. Abin bai lafa ba, shi ma bai dawo ba. Can ya yi jinya, can aka binne shi. Zakiyya ta tashi ana ce mata ɗiyar ɓarawon rumbu, har a lakol, makarantar boko.

Lantana ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta kama batsonta, ta kama kiwon shanu a bayan ɗaki, ta kuma kama Abdurrahaman a ranta. Ba dukiyarsa take so ba, ba kuma ta so ta ga an ɗaure shi. Abu ɗaya take nema, ya buɗe bakin nan nasa a gaban mutanen garin ya ce Chindo bai taɓa ƙwayar gero ba. Sau da yawa ta tare shi, a bakin rijiya, a hanyar masallaci, a gidan suna. Shi kuwa gwanin zamewa ne. Da ya hango ta sai ya tuna yana da uzuri a wata unguwa.

Sai ga zamani ya juya. Soja suka sassauta, aka kira taron ƙasa a Yamai, rediyo ya cika da muryoyin mutane suna tona abin da aka yi musu. Lantana ta sayi batir ta kasa kunne, tana daka tana saurare, tana jiran ranar da za a gama da manya a gangaro kan ƙanana. Aka yi watanni ana fallasa, aka rufe taro, kowa ya kama gabansa, ba wanda ya ambaci rumbun Gidan Sori. Samariya ta mutu, amma sarkin samari bai mutu ba. Hular kawai ya sauya, ya kafa tutar jam'iyya a ƙofar gidansa, ya shiga hawa kan tebur yana yi wa mutane bayanin 'yancin faɗar albarkacin baki. Wannan ya ƙona wa Lantana rai fiye da komai.

A shekarar zaɓe, da zafi ya fara, aka ji Abdurrahaman zai tafi Makka. Lantana ma ta riga ta sayar da santa ta biya kujera ta hanyar Kano, inda mutanen yankin suka saba bi, don kusa ne kuma akwai dangi a Katsina da za su riƙe wa mutum hannu. Shi ma ta Kano aka ce zai bi. Da ta ji haka ta yi hamdala har da ɗaga hannu.

Al'ada ce maniyyaci ya bi gida gida yana neman gafara kafin ya tashi. Abdurrahaman ya bi, da goro a aljihu. Gidan Lantana kuwa ya bari sai ranar kasuwar Cadakori, da ya tabbata amalanke ya yi nisa da ita. Ya tsaya a zaure ya kira Zakiyya, ya miƙa mata goro ya ce ta gaya wa uwarta ya zo bai iske ta ba, a yafi juna. Da Lantana ta dawo ta ji saƙon, ta karɓi goron ta jefa wa awaki.

Ba a jima ba ta hango shi yana saukowa daga motar Maraɗi da wata shuɗiyar jaka a rataye. Ita jakar da aka ba 'yan Kano ruwan ƙasa ce. Ta tsaya ta kalli jakar nan da kyau, ta gane mutumin ya ji labarinta ya sauya jirgi, ya koma ta Yamai.

Washegari ta shiga mota zuwa Maraɗi, ta nemi buro, wato ofishin wani saurayi mai suna Kamal wanda ke haɗa wa alhazai tafiya. Kamal ya ba ta kujera, ya duba takardunta, ya ce ai komai nata ya kammala ta Kano, me kuma ya kawo ta. Ta ce tambaya ta zo yi a kan jiragen Yamai.

Kamal yana son aikinsa, nan da nan ya gyara zama. Ya ce kamfani biyu ne. Ɗaya babba ne, tsohon hannu, abincinsa mai kyau, ma'aikatansa suna jin Faransanci, amma yakan yada zango a hanya a sauka a sake shiga, kuma yana warwatsa mutane, na Maraɗi ya zauna kusa da na Tawa. Ɗayan kuwa jirgin haya ne da wani kamfani ya ɗauko don alhazai kaɗai. Kujerunsa matsattsu ne, abincinsa sai haƙuri, sai dai ba ya tsayawa ko'ina sai Jidda, kuma mutanen gunduma ɗaya wuri ɗaya ake zuba su da malaminsu. Ya fara lissafa mata kilon kaya da maganar ruwan zamzam, ta ɗaga masa hannu.

"Ɗana, bar zancen kilo. Wanne ab ba da shuɗiyar jikka?"

"Na haya, Inna."

"In anka tashi, mutum na iya cewa a tsaya shi sauka?"

Kamal ya yi dariya. "Inna, bisa sama ne hwa. Ko mai jirgin ba shi hita."

"Akwai wani ɗaki ciki da babban mutum ka shiga shi ɓuya?"

"Babu. Wanga jirgi kowa ɗaya ne, banda makewayi ba wurin zuwa."

"To yanka mini tikiti na shi."

Kamal ya yi iya ƙoƙarinsa, don yaron kirki ne. Ya ce Yamai nisa gare ta, yini guda a mota cikin wannan zafi. Ya ce abin da ta biya a Kano ba duka zai dawo ba. Ya ce mace mai shekaru irinta ta fi buƙatar jirgi mai faɗin kujera. Ta bar shi ya gama, ta ce ta ji, ta kuma gode, a ba ta mai shuɗiyar jaka. Komawarta gida ta kama karsanar da take tattali don auren Zakiyya ta kai kasuwa.

Zakiyya ta yi fushi, ba don karsanar kaɗai ba. "Inna, hajji za ki ko hwaɗa?"

"Duka biyu," in ji Lantana, "amma sai guda ta ƙare in kama guda."

Ba da ka ta faɗi haka ba, ta yi tambaya. Malamin da zai jagoranci alhazan yankin shi ne Malam Sajo, wani dattijon Bafillace daga Gangara wanda ya je Makka tun ana bi ta ƙasa. Shi yake tara su yana koya musu aikin hajji. Ya gaya musu cewa jirgi zai ratsa ta saman miƙati, wurin da ake ɗaukar niyya, kuma za a sanar kafin a iso. Daga lokacin da mutum ya yi niyya ya shiga harami, bakinsa ya ɗauru, babu husuma, babu gardama, babu ƙarya, in ba haka ba ya zubar da ladan wahalarsa. Lantana ta ɗago kai daga cikin mata ta ce, "Malam, kahin niyyar hwa?" Malam Sajo ya dube ta, ya ce kafin niyya mutum matafiyi ne kamar kowa, sai dai haƙuri ya fi. Ta ce Allah ya ƙara sani.

Sai a sansanin alhazai na Yamai Abdurrahaman ya gan ta, zaune a kan tabarma da shuɗiyar jakarta a cinya, tana cin ƙuli-ƙuli. Ba ta gaishe shi ba, ba ta kuma ɗauke ido ba. Ya nemi a sauya masa jirgi, aka ce ba hali, suna ya riga ya shiga. Ya yi ta kai da kawo har wata dabara ta faɗo masa, irin dabarar mutumin da ya saba fita ta ƙofar baya. Da safen tashi ya yi wanka, ya ɗaura fararen mayafansa biyu, ya je gaban Malam Sajo ya ce shi tun daga nan zai ɗauki niyya, don yana tsoron barci ya kwashe shi a wuce miƙati. Malam ya ce ba a son haka, amma in ya yi ta hau kansa. Ya ce ya ji. Ya yi niyya da ƙarfi yadda kowa zai shaida, ya shiga labbaika, yana satar kallon Lantana. A tunaninsa ba mai taɓa mutumin da ke cikin harami.

Aka shiga jirgi da hantsi. Mutanen Gidan Sori da Cadakori da Gangara suka cika tsakiyarsa, yadda Kamal ya faɗa. Lantana ta sha wuya da tashin, ba za a ɓoye ba. Kunnenta ya toshe, ta ƙanƙame hannun kujera tana salati. Abin da ba ta yi lissafinsa ba shi ne ƙarar inji. Ita ta ɗauka jirgi kamar bayan babbar mota ne, kowa na kallon kowa, ana magana ana ji. Sai ta tarar kowa ya ba na bayansa ƙeya, ga wani gurnani da ba ya yankewa. Ta zauna tana duban ƙeyoyin nan, ranta ya ɓaci, ta ce ashe karsanar yarinya ta tafi a banza.

Amma da aka raba abinci aka kwashe, ta ga mutane suna tashi suna bin layin makewayi ba wanda ya hana su. Ta kwance ɗamarar kujera, ta gyara lulluɓi, ta bi siririyar hanyar tana dafa kawunan kujeru har ta iso inda yake. A bakin hanya yake zaune, kafaɗa ɗaya a waje, carbi a hannu, Malam Sajo a gefensa. Ta tsaya a kansa.

"Sarkin samari, an ce ka taho gidana ba ka iske ni ba. Ga ni."

Abdurrahaman ya ƙara sautin labbaika. Malam Sajo ya ce, "Lantana, mutumen ga shina cikin harami."

"Na sani, Malam. Ni ban shiga ba tukuna. Kai kac ce wanda as shiga ba shi gardama, ba shi ƙarya. Tambaya ɗai zan yi mishi, shi ba ni amsar da ta dace da tuhwan da ke jikinai."

 Malam ya shafa gemu ya koma ya jingina.

Ta juya ta fuskanci mutane, ta ɗaga siririyar muryar nan yadda take kiran masu sayen batso daga wancan gefen kasuwa. Ta fara daga farko, shekarar yunwa, gonar gayya, jinkar da maigidanta ya gyara. Ba ta yi zagi ba, ba ta yi kuka ba. Na kusa suka juyo, na gaba suka durƙusa a kan kujerunsu suna leƙowa. Wata ma'aikaciyar jirgi ta zo tana nuna mata ta zauna, tsofaffin matan Cadakori suka riƙe mata hannu suka ce ta bari, maganar gida ce.

"Geron samariya, gidan surukanka yat tahi. Ƙarya nike?"

 Gumi ya fara tsattsafo masa a goshi duk da sanyin jirgin.

"Kai kas sa anka rataya mishi zangarniya, kai kak kira makaɗi. Ƙarya nike?"

A nan ne Abdurrahaman ya ga ramin da ya haƙa wa kansa. Da a cikin babbar rigarsa yake, da ya daka mata tsawa, ya ce tsufa ne ya taɓa ta, ya rantse da abin da ya ga dama, kamar yadda yake yi a kan teburin jam'iyya. Yanzu kuwa in ya musa ya yi ƙarya da harami a jikinsa, a gaban mutanen da suka san gaskiya, a kan hanyar ɗakin Allah. In ya yi faɗa ya ɓata abin da ya zo nema. Ya duba hagu, taga ce ƙarama da farin gajimare a ƙasa. Ya duba dama, Lantana ce. Ya juya ga Malam Sajo, Malam ya ce a hankali, "Amsa mata, Abdu. Ba ka da wata hanya, kuma shi ya hi maka."

Ya sunkuyar da kai ya yi wata 'yar magana da inji ya haɗiye.

"Ban jiya ba," in ji Lantana.

"Na ce bai ɗauka ba."

"Wa?"

"Maigidanki."

"Shina da suna. Ni bakina ba shi hwaɗinai, kunya ta hana ni tun ranar da anka kai ni ɗakinai. Kai kuwa ka hwaɗe shi ranar nan har da kiɗi. Hwaɗe shi yanzu, yadda na baya ka ji."

Ya ɗago. Idanunsa sun yi ja. "Chindo bai saci geron samariya ba. Ni nak kwashe shi. Ni nas sa anka yi mishi abin da anka yi."

Na kusa suka ji. Wani tsoho a layin baya ya taɓa na gabansa ya ce me aka ce, aka gaya masa, shi ma ya juya ya gaya wa na bayansa. Haka maganar ta yi ta tafiya kujera kujera har wutsiyar jirgi, ta dawo ta yi gaba, har mutanen Tawa da ba su san Chindo ba suka ji cewa bai yi sata ba. Wasu daga cikin 'yan Gidan Sori suka sunkuyar da kai, don suna cikin yaran da suka yi tafi a ranar. Lantana tana tsaye tana kallon kawuna suna juyawa ɗaya bayan ɗaya. Daɗi ta ji, daɗi sosai, irin wanda rabonta da shi tun tana amarya, kuma ba ta ga dalilin ɓoye shi ba.

Lasifikar jirgi ta yi ƙara, aka yi magana da Larabci, aka maimaita da Hausa cewa an kusa miƙati, kowa ya shirya. Maza suka hau gyara mayafai. Abdurrahaman ya miƙo hannu biyu kamar mai roƙon ruwa.

"Lantana, don girman inda za mu, ki yahe mini."

Malam Sajo ma ya sa baki. "Kin samu abin da kike biɗa, ɗiyata. Yahe mishi ki shiga da zuciya hwara."

Ta dubi Malam da ladabi, sannan ta dubi mutumin da ke zaune.

"Abin da kay yi mini, ni da ɗiyata, na bar ma Allah, ba ni ƙara tada shi. Amma ba ni anka zagaya da ni gari ba. Mai haƙƙin shina kwance Jibiya. Can za ka biɗi gahwara, in ka san yadda aka tada shi."

Ta juya ta bi hanyar tana dafa kujeru, mutane suna janye gwiwa suna ba ta wuri. Ta zauna, ta ɗaura ɗamara, ta shafa fuska. Da Malam Sajo ya miƙe ya ja niyya, ta bi shi kalma kalma, sannan jirgin ya ɗauki labbaika gaba ɗaya. Muryarta tana fita tar a cikin ta mata. Daga inda take tana hango kafaɗar Abdurrahaman, bakinsa yana motsi, amma na kusa da shi sun ce har aka sauka Jidda ba su ji sautinsa ba.